Kafin a soke sunan mutum don kwamfuta ba ta gan shi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani aiki da ake yi a lungunan ofisoshi, wanda ba a cika kawo labarinsa ba, alhali shi ne yake yanke wa talaka hukuncin samu ko rashi. Ina nufin gwama jerin sunaye biyu a kwamfuta don a fitar da wanda yake ciki da wanda ba ya ciki.

Yau kusan babu abin da ake rabawa sai an bi ta wannan hanya. Albashi, fansho, takin gwamnati, rancen noma, tallafin karatu, duk sai ka ji an ce an tantance. Wanda bai sani ba zai ɗauka wani kwamiti ne ya zauna ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Galibi ba haka ba ne. Wani matashi ne aka ajiye wa laftof, aka ba shi jerin ofis da jerin banki, aka ce kafin a tashi aiki ya fito da sunayen da ba su dace ba. Na san haka domin sana'ata ke nan. Na daɗe ina aikin akawu, tun ana rubuta albashi da biro a doguwar takarda, yanzu kuma ni nake riƙe da rajistar wata ƙungiyar manoma a nan Funtuwa, ga ɗan shagon kwamfuta da nake da shi inda ake kawo mini irin wannan aiki.

Kada a fahimce ni a karkace, ina goyon bayan tantancewa. A watan Fabrairun 2016, lokacin Kemi Adeosun tana ministar kuɗi, gwamnatin tarayya ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi bayan an yi amfani da lambobin BVN, ta ce hakan ya rage kashe sama da naira biliyan 2 a kowane wata. Wannan kuɗin al'umma ne, kuma ba don gwama jeri da jeri ba da har yau wasu suna kwasa. Damuwata tana wani wuri dabam. Garin neman gira ana rasa ido, kuma idon da ake rasawa na wanda ba shi da kowa ne.

Ga yadda aikin yake. A manhajar Excel ana rubuta wata fomula da ake kira VLOOKUP, ko sabuwarta XLOOKUP da kamfanin Microsoft ya gabatar a 2019, wadda ma ba ta cikin tsofaffin Excel ɗin da yawancin ofisoshinmu suke amfani da su. Abin da kake gaya wa kwamfuta shi ne: ɗauki sunan da ke cikin wannan gida na jadawalin, ki je wancan jerin ki nemo irinsa sak, idan kin samu ki kawo mini abin da ke gefensa. Idan ba ta samu ba sai ta rubuta #N/A. Mai aikin zai ja fomular daga sama har ƙasa, cikin ƙiftawar ido dubban layuka sun cika, sai ya tace waɗanda suka nuna #N/A ya shafa musu jan launi ya miƙa wa oga. Daga teburin oga kuwa sunansu ya zama na bogi.

To, wannan alama ba ta ce babu mutumin ba. Abin da ta ce kawai shi ne ba ta ga haruffan da aka ba ta a jere yadda aka ba ta su ba. A ƙasar Hausa kuwa tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai tafiya mai nisa.

Ɗauki sunan da ya fi kowane yawa a cikinmu. Muhammad, Muhammadu, Mohammed, Muhammed, Mohd, Muh'd, Mamman. Mutum ɗaya zai iya samun uku daga cikinsu a takardunsa ba tare da ya taɓa yin niyyar yaudarar kowa ba: malamin firamare ya rubuta ɗaya, ma'aikacin banki ya buga wani, mai rajistar katin ɗan ƙasa ya zaɓi nasa. Shi kuwa mai sunan, in da ajami ya iya rubutu ko bai iya ba sam, ba shi da yadda zai gane an bambanta. Sai ka zo kan su A'isha da Aisha da Aishatu, Hauwa da Hauwa'u, Usman da Usumanu da Uthman, Yusuf da Yusufu da Isuhu. Ɗan waƙafin saman nan da ke cikin Rabi'u da Mu'azu da Sa'adu shi kaɗai fitina ne, domin wani bai sa shi ba, wani ya sa miƙaƙƙe, wani waya ta lanƙwasa masa shi, kuma a wurin kwamfuta uku ne mabambanta. Haka Ɗanladi da Danladi, Ɗahiru da Dahiru. Wanda ya yi makaranta a Maraɗi ko Damagaram kuwa, takardarsa Aboubacar ko Ousmane za ta ce, da rubutun Faransanci.

Wannan duk rubutu ne, mai sauƙi. Babban abin shi ne laƙabi da alkunya. Kowane Bahaushe ya san Garba da Habu da Buba Abubakar ne, Shehu Usman ne, Sanda Umaru ne, Indo A'isha ce, Binta Fatima ce, Kulu Hauwa ce, Dije Hadiza ce. Yaron da ya ci sunan kakansa, iyaye ba sa iya kiran sunan, sai ya tashi Abba ko Baffa, ya shiga makaranta da shi, sai ranar buɗe asusun banki sunan yanka ya fito. Mace ta yi rajistar farko da sunan mahaifinta, ta biyu da sunan mijinta. Wani ya ƙara sunan garinsu a ƙarshe kamar yadda manyanmu suka yi, su Aminu Kano da Shehu Shagari, a wata takardar kuma ya bar shi. Sannan fom ɗin da aka kwaikwayo daga Turawa yana tambayar sunan dangi, abin da yawancinmu ba mu da shi, sai wani ya fara da sunan uba, wani ya fara da nasa.

Bara gab da faɗuwar damina an dawo mana da jerin 'yan ƙungiyarmu daga wurin masu ba da rancen taki, an shafa wa layuka da dama ja. Wani dattijo da na san gonarsa tun ina yaro ya shigo shago da katinsa na ƙungiya a naɗe cikin leda, ya ajiye a kan tebur ya ce, "Sakatare, an ce wai babu ni." Na ce, "Baba, zauna mu duba." A rajistarmu Garba ne, haka kowa yake kiransa har limamin unguwarsu. A takardar banki Abubakar. Lambar wayarsa ɗaya, ƙauyensa ɗaya, sunan mahaifinsa ɗaya, amma babu wanda ya kalli waɗannan, domin da suna kaɗai aka gwama. Layin da ke ƙarƙashin nasa ya fi ba ni haushi. Sunan wata baiwar Allah ne, na dube shi a jerin nan na dube shi a wancan, harafi da harafi iri ɗaya, amma ga jan launi. Sai da na danna cikin gidan na ga 'yar sandar nan mai ƙiftawa da take nuna wurin rubutu ta tsaya nesa kaɗan da harafin ƙarshe. Wanda ya buga sunan ya taɓa maɓallin tazara sau ɗaya bayan ya gama. Ido ba ya ganin wannan tazarar, kwamfuta tana ƙirga ta. Akwai fomular TRIM da take share irin wannan a cikin daƙiƙa ɗaya, ba a yi amfani da ita ba. Kafin a gyara a mayar a amince, masara ta wuce lokacin takin farko.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi wannan haɗari domin shi ba ya nuna ja. Wato a ce an samu, alhali ba shi ba ne. A ƙaramar hukuma ɗaya mutum nawa ne suke amsa Musa Ibrahim ko Sani Abdullahi? VLOOKUP na farkon da ta ci karo da shi take kawowa, ba ta waiwayar sauran, ba ta kuma gaya maka akwai su. Sai lambar asusun wani ta hau kan sunan wani. In ka ce a ƙara da ranar haihuwa don a bambanta, sai ka tarar da tulin mutane an rubuta musu 1 ga Janairu, saboda ba su san ranar ba, mai rajista ya cike musu. Sannan ita fomular tana da wani gurbi na huɗu da ake rubuta FALSE ko sifili. Wanda ya manta da shi ya ba ta izinin kawo abin da ya yi kusa, kuma idan jerin ba a tsare yake ba sai ta riƙa kawo amsoshin da ba su da alaƙa, ba tare da wani gargaɗi ba. Na sha karɓar fayil daga ofisoshi in tarar da wannan gurbi a wofi.

Maganin da kowa zai kawo shi ne a daina gwamawa da suna, a koma lamba. Gaskiya ne, kuma shi nake yi duk inda lambar take. BVN da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014 da NIN ta hukumar NIMC kowace lamba 11 ce, kuma ba ruwansu da Garba ko Abubakar. Sai dai Excel tana da halinta da lambobi. Ka buga lambar waya mai farawa da 080, ta cinye sifilin farko. Lambar asusun banki mai guda 10, in da sifili ta fara, ta koma 9 ko 8. Ka sa 234 a gaban lambar waya ta zama 13, sai ka ga ta rikiɗe ta koma wani abu mai ƙarewa da E+12, kuma in aka adana fayil ɗin a tsarin CSV, wato na zallar rubutu, a haka, lambobin ƙarshe sun tafi ke nan. Lamba ɗaya tana iya zama rubutu a wannan jeri, ta zama adadi a wancan, ido ya gan su daidai, fomula ta ce ba ta san zancen ba. Kwanan wata ma haka: 03/04 a kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka 4 ga Maris ne, a tamu 3 ga Afrilu.

Kada a ce don mu ne. A Ingila, a 2020, hukumar lafiyar jama'a ta ƙasar ta rasa sakamakon mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil na Excel da ba ya wuce layi 65,536. Da ya cika sai sauran suka zube, ba a lura ba sai bayan kwanaki. A Ostireliya kuma gwamnati ta saki kwamfuta ta riƙa gwama bayanan hukumar haraji da na masu karɓar tallafi, tana aika wa talakawa takardar bashin da da yawansu ba su ci ba, aka ɗora musu nauyin su kawo hujjar wanke kansu. Shirin da aka fi sani da Robodebt ke nan. Daga baya aka tabbatar ya saɓa wa doka, a 2020 gwamnati ta amince za ta mayar da kuɗin mutane, a 2023 kuma kwamitin bincike ya fitar da rahoto mai zafi a kansa. Can akwai kotu da lauyoyi da 'yan jarida da suka tsaya. Tsohon masinjan ƙaramar hukuma da aka tsayar wa fansho a nan, wa zai tsaya masa?

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ga su Gemini da Copilot, matasan da suke wannan aiki sun samu abin da suke ganin ya raba su da wahala. Ni ma ina amfani da ita kullum, kuma ba zan ɓoye alherinta ba. Fomular da a da sai in yini ina haɗawa, yanzu in na bayyana mata abin da nake so da tsarin jadawalina, sai ta rubuto mini, ta kuma yi mini bayanin kowane yanki. Ita ta nuna mini yadda zan kama wata irin tazara da TRIM ba ta iya sharewa, wadda take biyo bayanan da aka kwafo daga intanet. Ta san Mohammed da Muhammad ɗaya ne. Ga mai koyo, malama ce mai haƙuri da ba ta gajiya da tambaya.

Abin da yake tayar mini da hankali shi ne yadda na ga ana yi: a kwafi jerin nan gaba ɗaya, a kwafi wancan, a zuba mata, a ce ta fitar da waɗanda ba su dace ba, a ɗauki amsar a buga a takarda. Na gwada wannan da jerin da na riga na san amsarsa. Ta dawo mini da jadawali tsaf-tsaf, mai kyan gani, da bayani cikin ladabi da tabbaci. Da na ƙirga layukan sai na ga sun gaza abin da na ba ta. Wasu sunaye ta tsallake su ba ta ce komai ba, wani kuma ta gyara masa rubutu da kanta ba a sa ta ba. Na sake ba ta aikin a sabon shafi, amsar ta ɗan bambanta da ta farko. Fomula ko ta yi kuskure, kuskure ɗaya za ta maimaita kullum, kana iya bin sawunta ka gano inda ta kauce. Wannan kuwa in aka zo bincike aka ce me ya sa aka cire wane, ba abin da za ka nuna. Wasu daga cikin manhajojin yanzu in ka ɗora musu fayil suna rubuta ɗan shirin lissafi su gudanar da shi, wannan ya fi aminci, amma shi ma sai wanda ya iya dubawa ya duba.

Ko a batun kamanceceniyar suna, inda ake ganin nan ta fi ƙarfi, a yi hattara. Excel kanta tana da wani sashe a Power Query da yake gwama sunaye masu kama da juna, yana auna kusancinsu tsakanin sifili da ɗaya, in ba ka taɓa shi ba yana tsayawa a kan 0.8. Amma haruffa yake aunawa. A wannan ma'auni Amin da Amina, ko Hassan da Hassana, ko Sa'adu da Sa'adatu, sun fi kusa da juna nesa ba kusa ba a kan Garba da Abubakar. Ke nan yana iya haɗe wa da ƙanwa su zama mutum ɗaya, ya raba mutum ɗaya gida biyu. Tagwaye fa? Hassan da Husaini, uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, gida ɗaya, wani lokaci har lambar waya ɗaya ta mahaifinsu. Sani da Salisu da Rabi'u 'yan ɗaki ɗaya da dukkansu Muhammad ne a farkon suna. Mai unguwa zai warware wannan yana zaune a kan tabarmarsa. Na'urar da mafi yawan abin da ta karanta ba da Hausa aka rubuta shi ba, wani ta sani, wani ta yi hasashe, kuma da murya ɗaya take faɗin duka biyun.

Sai batun amana. Jerin nan ba sunaye ne kawai ba, akwai BVN da NIN da lambar asusu da ta waya. Wanda ya zuba su a manhajar da ke intanet ya fitar da sirrin dubban mutane zuwa kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa, ba da saninsu ba. Tun Yunin 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da take kula da ita, amma ban ga alamar labarin ya kai teburin matasan nan ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba a koya musu ba. Abin da nake gaya wa yaran shagona shi ne su ƙirƙiri layi biyar na sunayen ƙarya masu tsari irin na ainihin, su nuna mata, ta rubuto fomula, sannan su dawo su gudanar da ita a kwamfutarmu. Su ƙirga layuka kafin a fara da bayan an gama. Su kuma ajiye fayil na asali ba tare da an taɓa shi ba.

Roƙona ga shugabannin ma'aikatu da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin agaji ba mai tsada ba ne. A daina raba sakamako kashi biyu. A yi uku: waɗanda lambarsu ta dace, waɗanda babu alamarsu ta kowace fuska, da waɗanda ake shakka. Kashi na ukun nan mutum ne zai zauna a kansa, mutumin da ya san sunayen yankin, ya duba waya da ƙauye da sunan uba, in ta kama a kira mai sunan. Ko mai tankaɗe ba ta zubar da tsakin da ya rage a rariya, mayar da shi turmi take yi. Kuma kada a tsayar da albashi ko fanshon kowa sai an liƙa sunansa a sakatariya, an sanar a rediyo, an ba shi wa'adin da zai zo da ƙafarsa. Yadda ake yi yanzu, mutum sai ƙarshen wata ya ji shiru a wayarsa, sannan ya fara zarya tsakanin banki da ofis da kotu wajen takardar rantsuwa, yana cin bashin kuɗin mota, a kan kuskuren da ba shi ya yi ba.

Ina kuma kira ga malamanmu na sassan Hausa a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, su haɗa kai da na sashen kwamfuta su tsara jadawalin sunayenmu, kowane suna da rubuce-rubucensa da laƙubbansa, na maza da na mata, har da rubutun Nijar, a sake shi kyauta. Ni ina da ɗan ƙaramin nawa da nake ƙarawa duk lokacin da na ci karo da sabo, kuma ya ceci mutane da dama, amma aikin ya fi ƙarfin mai shago ɗaya. Da irin wannan jadawali, fomula mai sauƙi ma za ta gane Indo da A'isha, ta tura su kashin da mutum zai duba.

Kai kuma Edita, ga abin da nake nema a wurin wakilanka. Duk ranar da wata gwamnati ta kira taron manema labarai ta ce ta gano ma'aikatan bogi kaza, su tambaya da me aka gwama, da suna ko da lamba, kuma wa ya duba waɗanda ake shakka a kansu. Bayan wata uku su koma su tambayi mutum nawa daga cikin waɗanda aka cire aka mayar da su, da ko an biya su watannin da suka rasa, a buga mana adadin a shafin da aka buga na farko.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarku,
Sakataren wata ƙungiyar manoma,
Funtuwa, Jihar Katsina.